Yaye kafin lokaci: wa ke yanke wa ƙaramar uwa shawara?

A Nijar, bisa ƙididdigar shekarar 2012, kimanin kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su kai shekara 18, kuma jihohin Maradi da Damagaram na kan gaba. Da dama daga cikin waɗannan yara suna shayarwa. Tambayar ita ce har zuwa yaushe.

Addini da likitoci sun haɗu a kan shekara biyu. Abin da ya fi katse wannan wa'adi shi ne kwanika. Da zarar sabon ciki ya bayyana, sai a ce nono ya lalace, a kai yaron wurin kakarsa cikin kwana ɗaya, ya koma kan kunu da fura. Likitoci ba su ga illa a nonon mai ciki ba, amma tamowa takan biyo bayan irin wannan yaye.

Yarinya 'yar shekara 16, ga kunyar ɗan fari, da wuya ta ja da uwar miji. Maganin tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2006, sai dai sau da yawa sai miji ya yarda. Duk da haka, a wurin awo ita kaɗai ake yi wa huɗuba.