Wanda Ya Kunna, Shi Zai Kashe

Wata mummunar ɗabi'a ta yi kaka-gida a tsakanin masu koyon rubuta manhaja: sun ɗauki kunna na'ura gwaninta, kashe ta kuwa aikin yara. Babu inda asirin wannan sakaci ke tonuwa kamar a direban allo, wato manhajar da ke shiga tsakanin ƙwaƙwalwar waya ko kwamfuta da fuskar da mutum ke kallo.

Agogon da ke cikin wannan direba ba ya faɗin lokaci. Bugun lantarki ne da ke tura ɗigon hoto zuwa allo ɗaya bayan ɗaya. Allo mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, wanda ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, yakan buƙaci bugu miliyan 148.5 a kowace daƙiƙa. Tsarin Linux yana ƙirga sau nawa aka nemi a kunna kowane agogo, kuma ba ya kashe shi sai lissafin ya dawo sifili. Marubucin da ya kunna sau biyu ya kashe sau ɗaya ya bar agogon yana bugawa, tare da uwar agogon da ke ba shi bugu, ko da allo ya yi baƙi ƙirin.

A Tamale wannan ba hira ce ta malamai kawai ba. Wayoyin Android da ke hannun 'yan kasuwar Aboabo da matasan Zango duk a kan Linux suke tafiya. A zafin watan Maris, ga ɗaukewar wuta da mutanen Ghana ke kira dumsor, batirin da ke tsiyaya a aljihu asarar ciniki ce, wanda ya jawo ta kuwa yana can wata ƙasa yana barcinsa.

Masu kare lalaci sukan ce ai tun 2007 Tejun Heo ya shigar da tsarin devres cikin Linux, mai mayar da kayan da direba ya ara da kansa. Gaskiya ne, amma kayan aro ba ya rufe katara. Devres yana sakin kaya ne lokacin da aka raba direba da na'ura, alhali wata manhaja na iya kasancewa tana riƙe da allon. In ta taɓa na'urar bayan an kashe agogonta, tsarin na iya sandarewa. Wajibi ne marubuci ya san jerin: abin da aka kunna a ƙarshe shi ake fara kashewa.

Saboda haka, a Jami'ar Nazarin Ci Gaba da Jami'ar Fasaha ta Tamale, da duk inda ake koyar da wannan fanni, bai kamata ɗalibi ya ci maki don allo ya haska kawai ba. A cire direbansa, a mayar, a sake cirewa, sannan a duba lissafin agogo. In bai dawo sifili ba, aikin bai ƙare ba.