ILMI A ƘETARE: Daga Ƙaramar Kwaleji Zuwa Digirin Zane

Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A ƙasar Amurka akwai makarantun shekara biyu da ake kira kwalejojin al'umma, waɗanda mafi daɗewa a cikinsu ita ce ta garin Joliet, a jihar Ilinoi, da aka buɗe a 1901. Nan ne ɗan talakan da kuɗin jami'a ya fi ƙarfinsa yakan fara, ya tara maki 60 na darussa, watau rabin 120 ɗin da digiri yake bukata, sa'an nan ya nemi ƙarasawa a jami'a.

Wannan hanya ta fid da mutane. Alal misali, shahararren mai zanen nan baƙar fata, Kerry James Marshall, ya bi ta Kwalejin Birnin Los Anjelis kafin ya sami digiri a makarantar zane ta Otis a 1978. A 2018 aka sayi wani zanensa dala miliyan 21.1.

To amma fa hanyar tana da gargada. A 2017 ofishin bincike na Majalisar Dokokin Amurka ya bayyana cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na makin da suka tara, don sabuwar makarantar ba ta lissafa musu shi ba. Ga mai koyon zane kuwa abin ya fi tsanani, domin takardar jarrabawa kaɗai ba ta isa ba. Sai ya gabatar da kundin ayyukan hannunsa malamai su duba. In suka ga hannun bai faɗa ba, sai su mai da shi ajin baya, shekara biyun da ta rage masa ta koma uku, ga kuma bashin kuɗin makaranta yana ta hauhawa.

Jihar Kalifoniya ta yi dokar rage wannan wahala a 2010. Wanda ya gama kwaleji bisa tsarin da aka shimfiɗa yana da tabbacin gurbi a jami'o'in jihar, ko da yake ba lallai ne ya sami wadda ransa yake so ba.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya san jami'ar da ya nufa tun ranar da ya shiga kwaleji, ya nemi jerin darussan da take karɓa a rubuce, ya adana kowane zane nasa mai kyau, musamman wanda ya yi yana duban abu ido da ido. Iyaye ma su bincika kafin su kwance bakin jaka. Da ma tun ran gini ran zane.