Takin Shuka a Buhu: A Bar Ƙasar Dajin Kamuku Ta Huta

Malam Edita, ina roƙon fili in ja hankalin masu shuka tumatir da alayyahu a buhu a Birnin Gwari, musamman waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu. A Ingila masu lambu na ƙaurace wa takin da ake haƙowa daga ruɓaɓɓiyar ƙasar fadama, domin sai ta shekara dubbai take taruwa. Mu ma bai kamata mu kwashi baƙar ƙasar dajin Kamuku ba, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, tunda muna da ruɓaɓɓen kashin shanu da buntun shinkafa da yashi. Haɗi mai kyau yakan dunƙule a hannu, ya wargaje da an taɓa shi, kuma ruwa ba ya kwanciya a kansa.

Wasu za su ce takin gida yana ƙona saiwa, yana kawo ciyawa. Ɗanye ne ke yin haka. A tara shi, a jiƙa, a riƙa juyawa har zafinsa ya kashe irin ciyawa, ya huce. Sannan a gwada da irin tumatir kaɗan; in ya tsiro kore shar, taki ya nuna. Ina kira ga malaman gona su shiga unguwanni su koyar da wannan.

Naku,
Mai karatu daga Birnin Gwari