RA'AYINMU: GIDAJEN GWAMNATI DA TALAKAN DA BA SHI DA TAKARDA

 

Ya ku 'yan'uwa, a wannan wata mun ga ya wajaba mu yi magana a kan wata damuwa da take cin magidanta a ƙananan biranenmu, wadda kuma kunya take hana da yawa daga cikinsu faɗinta a fili, wato kuɗin hayar gida. Garuruwa irin su Dutse da Damaturu da Birnin Kebbi sun zama hedikwatar jiha a shekarar 1991, Gusau kuma a 1996. Daga nan ma'aikata da 'yan kwangila da ɗalibai suka yi ta kwararowa cikinsu, alhali gidajen da ake ginawa ba su kai yawan masu zuwa ba. Daga baya rikicin Boko Haram da ta'asar 'yan bindiga suka koro dubban mutanen karkara zuwa wasu daga cikin waɗannan garuruwa. Mai gida yana son kuɗin shekara a dunƙule, dillali yana jiran la'adarsa, shi kuwa ƙaramin ma'aikaci mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka masa tun watan Yulin 2024 shi ne naira 70,000 a wata.

Kada wani ya ɗauka wannan zance ne na duniya kawai. Musulunci ya ɗora wa miji samar wa iyalinsa mazauni, ya yi umurni da raba wa yara shimfiɗa idan sun tasa, ya kuma koyar da neman izini kafin shiga ɗakin iyaye. To, yaya magidancin da yake da 'ya'ya bakwai a ɗaki ɗaya zai tsayar da waɗannan ladubba? Saurayi nawa ne aurensa ya tsaya saboda rashin ɗaki? Aure nawa ne ya girgiza a ranar da mai gida ya aiko da takardar tashi?

Gwamnatin tarayya tana cewa tana da hanyoyin taimako, kuma lalle akwai su. Ya kamata kowane ɗan'uwa ya san su dalla-dalla.

Hanya ta farko ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka ta 3 ta shekarar 1992, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yake kula da shi. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikacin gwamnati duk wata a zuba a ciki. Tun daga 2023 ma'aikatan kamfanoni suna da zaɓin su shiga ko su bari. Wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi yana iya neman bashin saye ko gina gida, ya biya cikin lokacin da zai iya kai shekara 30, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari. Wanda bai ci bashin ba yana da haƙƙin karɓar zubinsa idan ya yi ritaya, kuma mutane da yawa ba su san da haka ba.

Hanya ta biyu ita ce gidajen da gwamnati take ginawa ta sayar. A watan Fabrairun 2024 aka aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, aka kuma tsara rukunin gidaje 250 a kowace ɗaya daga cikin jihohi 12, ciki har da Katsina da Sakkwato da Gombe da Yobe. Ana neman su ta shafin intanet na ma'aikatar gidaje, mutum ya biya nan take, ko kaɗan-kaɗan, ko ta lamuni, ko ta zaman haya har gidan ya zama nasa.

Hanya ta uku ita ce rangwamen haraji ga mai zaman haya, wanda ya zo a sabuwar dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026. Ana cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin shigar da za a ɗora wa haraji. A lura da kyau, ba kuɗi ake miƙa wa mutum ba. Wanda yake biyan haya naira 300,000, za a ɗauke harajin naira 60,000 ne daga abin da yake samu. Idan harajinsa kashi 15 cikin ɗari ne, sauƙin da ya samu a shekara bai wuce naira 9,000 ba. Wanda kuwa abin da yake samu a shekara bai haura naira 800,000 ba, dama babu haraji a kansa, don haka babu abin da wannan rangwame zai ƙara masa.

A nan ne gizo yake saƙar. Duk waɗannan ƙofofi uku makullinsu ɗaya ne: albashin da aka sani a rubuce, da asusun banki, da takardu. Lamuni yana buƙatar takardar mallaka, ita kuwa tun dokar filaye ta 1978 gwamna ne yake ba da ita a cikin birane, kuma samunta jan aiki ne. To, ina matsayin ɗan acaɓa da mai shayi da magini? Ina matsayin malamin Islamiyya da ake haɗa masa ɗan abin da ya samu a ƙarshen wata? Ina matsayin matar da aka kashe mijinta a ƙauye ta shigo gari da marayu? Ko shi mai albashin, a ce gidan naira miliyan 8 ne, mai karɓar naira 70,000 sai ya tara albashinsa gaba ɗaya na fiye da shekara tara, bai ci ba bai sha ba.

Ba yau aka fara ba. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudura gina gidaje 40,000 duk shekara, 2,000 a kowace jiha. Har yau akwai unguwannin da suke amsa sunansa, amma abin da aka gina bai kai abin da aka ƙudura ba, wasu kuma an gina su nesa da gari, suka daɗe babu kowa a ciki. Darasin shi ne, gina gida daban, isarsa ga mabuƙaci daban.

Sai kuma batun riba. Kashi 6 cikin ɗari kaɗan ne idan aka gwada da na bankunan kasuwanci, amma ƙanƙantar riba ba ta mayar da ita halal. Babu adalci a cire wa Musulmi kuɗi duk wata, sannan idan ya zo amfana a tsayar da shi tsakanin addininsa da muhallinsa. Hanyoyin halal kuwa sanannu ne: murabaha, da ijara, da tarayyar da rabon banki yake raguwa har gida ya koma na mai zama. Bankin Jaiz yana aiki ba da riba ba tun 2012, gwamnatin tarayya da kanta ta fara tara kuɗin gina hanyoyi ta sukuk a 2017. Abin da ya yiwu ga kwalta zai yiwu ga gidaje.

Saboda haka muna kira ga ɗan'uwan da ya cancanta da ya nema, domin dukiyar al'umma ce, nemanta ba bara ba ne. Ya tanadi lambarsa ta ɗan ƙasa, ya riƙa karɓar rasidin haya yana adanawa, ya binciki ko zubin da ake cire masa yana isa asusun. Kada ya ba kowa kuɗi a hannu da sunan fom ko "hanya", domin 'yan damfara sun yi yawa a wannan fage. Kada ya ƙara albashi a takarda, kada ya ɓoye gidan da yake da shi don ya karɓi rabon wanda ba shi da ko ɗaki. Kafin ya sa hannu a kowace yarjejeniya, ko da an kira ta haya zuwa mallaka, ya kai wa malami masanin mu'amala ya duba sharuɗɗanta.

Ga hukumomi kuma, muna neman a buga sunayen waɗanda aka ba gidaje a fili inda kowa zai gani, a buɗe wuraren karɓar buƙata a ƙananan hukumomi saboda waɗanda ba su iya intanet ba, a sauƙaƙa takardar mallaka, a kuma kai tsarin da babu riba har ƙananan garuruwa.

Amma kada mu zauna jiran gwamnati, domin zomo ba ya kamuwa daga zaune. Mutanen Madina sun saukar da Muhajirai a gidajensu. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya mayar da gonarsa ta Haibara waƙafi. Jihohi irin su Kano da Zamfara da Sakkwato suna da hukumomin zakka da waƙafi. Me zai hana mai hali ya ware ɗakuna huɗu ya mayar da su hubusi domin marayu da malaman makarantunmu? Masu gidajen haya daga cikinmu su yarda da biyan wata-wata ga wanda ba zai iya na shekara ba, su kuma jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci.

Muna roƙon kowane reshe ya zaɓi mutum biyu ko uku masu ilmin takarda da amana, waɗanda za su taimaki 'yan'uwa wajen cika fom kyauta, su kuma rubuta sunayen gidajen da wa'adin hayarsu ya matso alhali ba su da abin biya, a gabatar da su ga kwamitin zakka kafin a watso musu kaya waje.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya yalwata wa kowane Musulmi mazauni na halal.