Daga Holabrun zuwa Kwatarkwashi: Wa aka bari ya tsare baya?

A ranakun 5 da 6 ga Yulin 1809 sojojin Napoliyon na Faransa suka rinjayi na Ostiriya a Wagram, kusa da birnin Viyana. Wannan shi ne yaƙin da littattafai suka cika da labarinsa. To amma ni abin da ya fi jan hankalina wata 'yar arangama ce da aka yi ranar 9 ga watan a garin Holabrun. Da Yarima Karl, babban kwamandan Ostiriya, ya ga ba dama, sai ya janye rundunarsa arewa cikin tsari, ya umarci Janar Klenau da mutanensa su tare baya. Mashal Massena ya biyo sawu ya afka musu, suka ƙi gusawa, har ala tilas ya dakata jiran ƙarin dakaru. Wannan jinkiri na daga cikin abubuwan da suka sa uwar rundunar ta isa Znaim ba ta wargaje ba, inda aka tsagaita wuta ranar 12 ga Yuli. Ostiriya ta rasa ƙasa, amma ba ta rasa soja ba, kuma da ita aka karya Napoliyon a Laifzig a 1813.

Mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Anka ko Gummi da faɗan Turawa na shekara 200 da ɗoriya? Ruwansa shi ne mu ma an yi irinsa a ƙasar Zamfara, sai dai namu ya zo a baibai.

Turawan Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, alhali Sarki Alu yana kan hanyar dawowa daga Sakkwato da manyan fadawansa da mayaƙansa. Labari ya riske su a ƙasar Zamfara. Cikin dare Sarki ya sulale ya yi arewa. Masana tarihi sun saɓa a kan dalilinsa, kuma ba nufina in yi masa shari'a ba, domin ya riga ya biya da zaman gudun hijirar dole har rasuwarsa a Lakwaja a 1926. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne gari ya waye runduna ba ta da kai. Wambai Abbas ya ja wasu zuwa Kano suka yi mubaya'a, aka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi faɗa. A ƙarshen watan, kusa da duwatsun Kwatarkwashi, ya yi kiciɓis da Laftanar Wright, wanda bisa lissafin su Turawan mutum 44 ne tare da shi, a gaban mahaya 1,000 da dakarun ƙasa 2,000. Sa'a biyu dawaki suna sukuwa cikin ruwan harsashi. A nan Waziri ya kwanta, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada. Wright ya samu lambar Victoria Cross, mu kuma yaranmu na sakandare da wuya ka sami wanda ya taɓa jin sunan Wazirin.

Ban yarda Klenau ya fi Waziri Ahmadu jarumta ba, ko kusa. Bambancinsu shi ne Klenau an sa shi ne, ya san wa yake karewa, ya san inda za su da kuma lokacin da shi ma zai janye. Waziri tsintar kansa ya yi. Jininsa bai tsare kowa ba, domin kwana kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Maris, Sakkwato ita ma ta faɗi.

Wannan rashin tunanin baya shi ke cinmu har yau. A farkon Janairun 2022 jiragen yaƙi suka yi luguden wuta a kan sansanonin 'yan bindiga a dazukan Zamfara, aka yi ta shelar nasara. Daga ranar 4 zuwa 6 ga watan, ɗaruruwan mahara a kan babura suka bi ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna kisa da ƙone-ƙone. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200. Ko wanne lissafi mutum ya ɗauka, tambayar ɗaya ce: wanda ya tsara harin sama, bai san wanda aka tasa daga daji dole ya bi ta wani wuri ba? Wa aka girke a kan hanyoyin? Manoma da 'yan sa-kai masu bindigar toka su aka bari, ba tare da an sa su ko an faɗa musu abin da ke tafe ba.

Ba na cikin masu cewa a daina kai hari daji. Ina dai kira ga 'yan majalisarmu na tarayya daga yammacin Zamfara da Sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum da su riƙa neman amsa ƙarara daga hukumomin tsaro a duk zaman da za a yi da su: idan an kori mahara daga dajin kaza, wace runduna ce za ta tsaya tsakaninsu da ƙauyuka irin su Duza, mutum nawa ne a cikinta, kuma kwana nawa za ta yi kafin a janye ta?