Kafin Ka Fesa Fenti, Auna Laimar Iska

Jama'a, sau da yawa ɗalibi kan shafe makonni yana harhaɗa ƙaramar roka ta kwali, amma ranar da ya fesa mata fenti sai launin ya dushe, ya yi fari-fari kamar an shafa madara. Nan take sai a ɗora wa gwangwanin laifi. A ganina, laifin na rashin lura da yanayi ne.

Dalili kuwa shi ne, ruwan da ke ɗauke da fentin yana saurin bin iska, yana tafiya da zafin jikin rokar, kamar yadda gumi ke sanyaya fata. Idan jikin ya yi sanyi ainun, sai raɓa ta sauka, fentin ya kulle ta a ciki. A zafin digiri 30 na Salshiyas da laima kashi 80 cikin 100, raɓa na sauka a wajen digiri 26. Ka ga ke nan sanyin digiri huɗu kacal ya isa ɓarna. Shi ya sa masana ke sharɗanta jikin abin fentin ya ɗara wannan mizani da aƙalla digiri 3.

Wani zai ce sai a jira hunturu. To, a lokacin ma ƙura na liƙewa, fentin ya yi kaushi, kaushin kuwa na rage wa roka gudu.

Saboda haka ina kira ga malamai da su koya wa ɗalibai auna laima da ma'aunin zafi biyu, ɗaya busasshe, ɗaya naɗe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Wanda ya auna kafin ya fesa, ya tsirar da rokarsa, ya kuma koyi kimiyya.