Hoto Mai Nauyi Ba Ya Sayar Da Takalmi

 A wannan wata za mu ajiye zancen lekwal da jarrabawa, mu leƙa wajen masu sana'ar hannu, domin kuwa wani abu ya same mu a hutun da ya wuce wanda muka ga bai kamata mu riƙe shi a ciki ba, ko da yake rabin labarin abin kunya ne a gare mu.

Wani tsohon ɗalibinmu ne, ɗan wani baduku a nan Damagaram, ya iske mu a gida bayan la'asar. Mahaifinsa ya daɗe yana ɗinka takalma da jakunkuna da fatar jar akuya, irin ta Maraɗi, wadda ta yi suna har a ƙasashen Turai saboda laushinta da ƙarkonta. Da yaron ya ga ciniki ya ja baya a kasuwar Dole, sai ya buɗe wa tsohon shago a intanet. Ya bi kowane takalmi da kowace jaka ya ɗauki hotonsu da wayarsa, hoto ɗari uku da ƴan kai, ya loda su duka yadda suka fito. Aka yi wata biyu ba a sayi ko ƙafa ɗaya ba. Ana nan sai gwaggonsa da ke aure a Abijan ta kira shi, ta ce ita fa sau uku tana buɗe shagon nan, abin sai juyawa yake yi, takalmi ɗaya ne ya fito, shi ma rabi, har megan da ta saya ya ƙare.

Ya ce, "Mushe, ko dai baki aka yi wa shagon?"

Muka karɓi wayar muka duba. Babu wani baki. Hotunan ne suka yi nauyi.

To, mene ne nauyin hoto? Kowane hoto na waya an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu launi da ake kira fiksel. Wayar da aka ce tana da megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, wato ɗigo miliyan 12 ke nan, kuma irin wannan hoto yakan kai mega 3 zuwa 5. A waya mai Faransanci za ku ga an rubuta Mo, a mai Ingilishi kuwa MB, duk abu ɗaya ne. Ita kuwa fuskar wayar da mai saye zai kalli hoton a kanta, galibi ɗigo 720 ne ko 1,080 a faɗi. Ke nan mai shago ya aika masa ɗigo 4,000 a inda 1,080 kawai ke iya zama. Sauran duk ya biya kuɗin saukar da su, amma idonsa bai gan su ba.

Bari mu yi lissafi irin na aji. Shafi ɗaya na shagon yaron nan yana ɗauke da hoto 30. In kowanne mega 4 ne, shafin ya zama mega 120. Wanda ya sayi giga ɗaya, wato mega 1,000, sau takwas zai buɗe irin wannan shafi kuɗinsa su ƙare. In kuwa aka mayar da kowane hoto kilo 200, da yake kilo 1,000 ne ke yin mega ɗaya, shafin ya koma mega 6, kuma giga ɗayan nan zai buɗe shi fiye da sau 160. Kun ga a nan mai shago ne ya ɗora wa baƙonsa kaya tun daga bakin ƙofa. Wanda ke ƙauye inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa ba zai tsaya jira ba, zai wuce shagon gaba.

Aiki biyu ake yi wa hoto kafin ya yi sauƙi, kuma yana da kyau a bambanta su. Na farko shi ne rage girma, wato rage yawan ɗigon. In aka mayar da 4,000 da 3,000 suka koma 1,200 da 900, ɗigo miliyan ɗaya da dubu 80 suka rage, bai kai kashi ɗaya cikin goma na asali ba, alhali hoton zai cika fuskar waya fes. Na biyu shi ne matsewa. Yawancin hotunanmu suna cikin tsarin da ake kira JPEG, wanda aka amince da shi tun 1992. Wannan tsari yana yanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 a kwance 8 a tsaye, sannan ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da idon mutum bai cika lura da su ba, musamman na launi. Akwai ma'auni da ke kai wa 100 wanda mutum ke zaɓa. Tsakanin 75 da 85 ido ba ya ganin an taɓa kome. In aka yi ƙasa ƙwarai sai gidajen nan su fara bayyana kamar tubalin gini. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, abin da JPEG ya zubar ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Kuma duk sanda aka sake matse hoton da aka riga aka matse, ƙara lalacewa yake yi. Malamai ƴan uwanmu sun san yadda takardar jarrabawa ke komawa in aka yi fotokofin fotokofi har sau huɗu.

Yanzu ga hoto ɗari uku. In za a bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne minti biyu, awa goma ke nan. Saboda haka aka yi manhajojin da ke yin aikin a jimla: mutum ya ba da umarni sau ɗaya, kwamfuta ta bi da shi a kan hotunan duka cikin ƴan mintoci. Akwai IrfanView, wadda Irfan Skiljan ya fitar a 1996 don kwamfuta mai Windows, in an buɗe ta aka danna harafin B sai wurin aikin jimla ya fito. Akwai XnConvert ta wani Bafaranshe, Pierre-Emmanuel Gougelet, wadda ke magana da Faransanci, kuma an raba ta kashi-kashi: wurin zuba hotuna, wurin jera ayyuka, da wurin faɗin inda za a ajiye sakamako. Waɗannan biyun kyauta ne ga mai amfanin kansa da makarantu, amma masu su sun ce wanda zai yi kasuwanci da su ya sayi izini, kuma ya kamata mai shago ya san da haka. Ita kuwa ImageMagick kyauta ce ga kowa har ɗan kasuwa, sai dai rubuta mata umarni ake yi, don haka ta fi dacewa da yaranmu da suka ɗan yi nisa a ilimin kwamfuta.

A nan ne muka yi abin kunyar. Muka je wajen wani abokin aikinmu mai kwamfuta, yaron ya kwashe hotunan daga waya ya mayar da su can, ya kuma goge na wayar don ya sami wuri. Mun ji an ce shagunan intanet sun fi son hoto mai kusurwa huɗu daidai, sai muka rubuta 1,000 da 1,000, muka manta ba mu danna wurin da ke cewa a kiyaye daidaiton tsawo da faɗi ba. Daɗin daɗawa, zalama ta sa muka sauke ma'aunin matsewa har 30, wai don hotunan su yi sauƙi sosai. Sannan muka bar manhajar ta ajiye sababbin a kan tsofaffin, a dosiye ɗaya. Ba mu gwada da ko hoto ɗaya ba, muka danna. Kafin shayi ya tafasa an gama.

Da muka buɗe, sai ga takalmi lamba 44 ya gajarce ya kumbura kamar na yaron goye. Jakar da ke zagaye ta koma kamar ƙwai. Wannan mun iya gyara shi daga baya, amma ɗinkin hannu da zanen da tsohon ya ɓata kwanaki yana yi a kan fata, duk sun narke sun zama dabbare-dabbare, kuma babu hoton asali ko ɗaya da za a koma gare shi. Wajen kaya arba'in daga ciki an riga an ba wani ɗan kasuwa ya tafi da su Yamai, ba halin sake ɗaukar hotonsu. Sauran kuwa sai da aka yi mako guda ana fito da su ɗaya-ɗaya ana sake ɗauka. Da muka je ba tsohon haƙuri, ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Malam, ashe shi injin ba ya tambaya?" Muka ce ba ya yi, Baba. Ya ce shi yaron da ke koyon aiki a wurinsa, in aka ba shi fata aka ce ya yanka ta karkace, zai ɗago kai ya tambaya tukuna.

Maganar tsohon nan ita ce darasin duka. Aikin jimla yana ninka daidai, yana kuma ninka kuskure. Mu da muke ce wa yara kullum su karanta tambaya sau biyu kafin su ɗauki alƙalami, mu ne sauri ya haifar wa nawa. Saboda haka ga abin da muke ba duk mai shago shawara ya bi, kuma a kan wannan tsari muka yi aikin a karo na biyu.

Da farko a ware hotunan asali a dosiye na dabam, a kuma kwafe su a katin ajiya a sa a akwati. Kada a taɓa yin aiki a kansu, kuma kullum a gaya wa manhaja ta zuba sakamako a sabon dosiye. Masu amfani da ImageMagick su lura, umarninta mai suna mogrify a kan hoton asali yake rubutawa in ba a nuna masa wani wuri ba.

Na biyu, a faɗi tsawon ɓangare mafi tsawo kawai, alal misali 1,200, a bar manhaja ta lissafa ɗayan. In ana son kusurwa huɗu daidai, sai a ce ta cike gefe da fari maimakon ta matse kayan. Babban shagon nan na Amurka, Amazon, farin bango yake nema a babban hoton kaya, da ɗigo 1,000 ko fiye don mai saye ya iya matso da hoton ya duba. Farin ƙyalle a inuwa da safe ya ishi wannan aiki.

Na uku, a gwada da hoto biyar kafin a saki ɗari uku. A zaɓi mai ja, da mai baƙi, da mai ƙananan zane, da na tsaye, da na kwance. A tura su waya mai araha a duba, a matso da hoton a ga ko ɗinki yana nan. Mu a 80 muka tsaya, hotunan suka faɗo tsakanin kilo 150 da 250. In shagon yana karɓar tsarin WebP, wanda Google ya fitar a 2010, yakan ƙara rage wajen rubu'in nauyin ba tare da an ga bambanci ba. Tsarin PNG kuwa a bar wa tambarin shago, yana da nauyi ga hoton kaya.

Na huɗu, a sa manhaja ta goge bayanan da ke ɓoye a cikin hoto. Waya takan rubuta ranar da aka ɗauki hoto da irin wayar, kuma in an kunna GPS har da daidai wurin da aka tsaya. Wannan ya shafi iyayenmu mata da ƙannenmu masu sayar da turare da atamfa daga cikin gida, domin hoton kwalbar humra yana iya nuna wa baƙo ƙofar gidansu. Sai dai a sa ta fara juya hotunan su tsaya daidai kafin ta goge, in ba haka ba wasu za su fito a kwance.

Na biyar, a sake musu suna a jimla. Suna irin takalmi-ja-44-01 ya fi jerin lambobin da waya ke bayarwa, ko ba kome in mai saye ya kira an san wanne yake nufi. Wanda kuma ake turo masa hotuna daga ƙauye ta WhatsApp, ya sani ita ma tana matse hoto da kanta, ko da yake a 2023 ta ƙara maɓallin HD. A ce wa mai turowa ya aiko su a matsayin takarda, ta haka za su iso yadda aka ɗauke su.

Akwai abu guda da muka hana yaron, kuma muna hana kowa. Manhajojin nan suna iya ƙara wa launi ƙarfi a jimla, jan fata ya koma kamar garwashi. Ya so ya yi, wai ya fi jan ido. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, to mai saye a intanet ba shi da abin da zai taɓa ko ya shinshina, hoton nan kaɗai ya gani ya ba da kuɗinsa. In kaya suka iso Kwatano ko Abijan launinsu ya saɓa da na hoto, an yi asarar kuɗin mota, an kuma ɓata sunan da tsoho ya yi shekaru yana ginawa. Wanda ba zai yarda ya tauye tiya a kasuwa ba, bai kamata ya yi algus a hoto ba. A rage wa hoto nauyi iyakar yadda za a iya, muddin abin da ke cikinsa yana nan yadda yake a hannu.

Yanzu dai shagon yana buɗewa kafin mutum ya gama gyara zama. Gwaggon ta sayi takalma biyu, ta kuma nuna wa maƙwabtanta. Ba mu ce arziki ya sauka ba, ciniki na Allah ne, amma ƙofa ta buɗe. Muna kira ga samarinmu da suka iya kwamfuta su leƙa wajen dukawa da maƙera da masaƙa na unguwanninsu su taimaka musu da wannan ɗan aiki, su kuma fara da ajiye hotunan asali. Mai tambaya ko gyara ya rubuto mana ta hannun edita kamar yadda aka saba.